Yadda Ake Bin Sawun Halin Jaruma Daga Manga Zuwa Anime: Aiki a Kan Manjo Motoko Kusanagi

Tambaya ɗaya masu karatu suke ta maimaita mini. Mutum ya kalli fim ɗin Ghost in the Shell na 1995, wanda anime ne, wato fim ɗin zane na Japan, ya ga mace mai nauyin baki wadda murmushi ma wuya yake mata. Daga baya ya buɗe manga, wato littafin zanen da aka ɗauko labarin daga ciki, sai ya tarar da wata mai tsiwa da tsokana, kuma sunansu ɗaya. Wace ce Motoko ta gaskiya? Ta yaya zai gane abin da ya canza ba tare da ya tsaya a kan "ni dai haka na ji a raina" ba? Ga yadda ake yin aikin daki-daki. Na ɗauki Manjo Motoko Kusanagi, mace mai jikin inji kuma shugabar mayaƙan Sashe na 9, rundunar tsaro ta musamman a labarin, domin an sake gina ta a hannun mutane da yawa, amma matakan za su yi maka aiki a kan kowace jaruma.

Abin da za ka tanada

Littafin rubutu mai faɗi, biro kala biyu, abin sa wa a kunne mai kyau, da waya ko kwamfutar da za ka iya tsayar da hoto ka koma baya a kanta. Kuɗin da za ka kashe yawanci na data ne da caji, sai na rajista idan za ka kalli wanda yake Netflix. Ka rage ingancin hoto a shirye-shirye masu dogon zango don ka ririta data, amma ka bar fim ɗin 1995 a mafi kyawun hoton da za ka samu, saboda aikin da ke cikinsa na ido ne da fuska.

Lokaci shi ne babban kuɗin. Littafin farko kusan shafi 350 ne, fim ɗin 1995 bai kai awa ɗaya da rabi ba, amma Stand Alone Complex zango biyu ne, kowane zango kashi 26, wato kimanin awa 11 kowanne. Ka ware makonni, ba kwanaki ba.

Hattara: waɗannan ayyuka na manya ne. Akwai kisa a fili, akwai tsiraici a fim ɗin da littafin. Kada ganin zane ya sa ka kunna a falo gaban yara.

1. Raba gidajen labarin tun kafin ka fara

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma daga nan yawancin gardama marasa kan gado suke tasowa. Motoko ba labari ɗaya take ciki ba. Buɗe shafin farko na littafinka ka rubuta gidaje huɗu.

Gidan farko na Masamune Shirow ne, mai zanen asali. Ya fara fitowa a mujallar kamfanin Kodansha a 1989, aka haɗa shi littafi guda a 1991. Gida na biyu na darakta Mamoru Oshii ne: fim ɗin 1995 da Innocence na 2004. Gida na uku na Kenji Kamiyama ne: Stand Alone Complex da ya fara a 2002, zango na biyu mai suna 2nd GIG a 2004, fim ɗin Solid State Society a 2006, sai SAC_2045 da ya fito a Netflix a 2020. Gida na huɗu shi ne Arise, wanda ya fara a 2013 a ƙarƙashin Kazuchika Kise, da rubutun Tow Ubukata, ya ƙare da fim a 2015.

Hattara: abin da ya faru a wani gida ba hujja ba ne a wani gidan. Idan ka ɗauko tarihin yarintarta daga 2nd GIG ka fassara shirun da take yi a fim ɗin 1995 da shi, ka haɗa mutane biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. Haka kuma kada ka jera su bisa shekarar da labarin ya faru a ciki. Arise ya sa labarinsa a 2027, fim ɗin Oshii a 2029, Stand Alone Complex a 2030, sai mutum ya ɗauka wannan ci gaban wancan ne. Ba haka ba ne. Ka bi shekarar da aka fitar da kowane aiki, domin ita ce za ta nuna maka wa ya ga aikin wa kafin ya yi nasa.

Fim ɗin Amurka na 2017 da Scarlett Johansson ta fito a ciki, ka ajiye shi gefe. Ba manga ba ne, ba anime ba ne, kuma zai cika maka jadawali da wata muhawarar daban.

2. Tabbatar da bugun da ke hannunka

Rubuta a saman shafi ainihin abin da kake karantawa ko kallo. Bugun Turanci na farko na littafin, wanda kamfanin Dark Horse ya fitar a Amurka, an juya shafukansa don a karanta daga hagu zuwa dama, kuma an cire wasu shafuka na batsa. Wani bugun da ya zo daga baya ya koma tsarin Japan na dama zuwa hagu. Idan ka karanta akwatunan zane a juye, za ka ga amsa kafin tambaya, barkwancin ya mutu, ka rubuta cewa jarumar ba ta da ban dariya.

A fim kuma akwai Ghost in the Shell 2.0 na 2008. Labarin ɗaya ne da na 1995, amma an sake wasu wurare da zanen kwamfuta, an canza launi, an kuma mayar da muryar Puppet Master, mai kutsen ƙwaƙwalwar da Sashe na 9 ke farauta, daga ta namiji zuwa ta mace. Wannan canjin yana taɓa yadda za ka ji haɗuwarsu da Motoko a ƙarshe. Fara da na 1995.

3. Zana jadawali mai tambayoyi, ba mai siffofi ba

Ja layuka huɗu a tsaye, ɗaya ga kowane gida. A gefe kada ka rubuta "jarumta" ko "hankali" ko "kyau", domin kowace Motoko za ta ci waɗannan, ba za ka koyi komai ba. Rubuta tambayoyin da ido zai iya amsawa. Yaya take magana da Aramaki, shugabanta? Me take yi idan na ƙasa da ita ya yi kuskure? Wa take zama da shi idan an tashi daga aiki? Yaya take ɗaukar jikinta na inji, kayan aiki ne ko kurkuku? Me ke ba ta dariya? Me ke sa ta bar aiki?

Baƙin biro na abin da ka gani ne, tare da lambar shafi ko minti. Jan biro na fassararka ne. Kada ka bari su haɗu a layi ɗaya. Duk jan rubutun da ba shi da baƙi a kusa da shi, ra'ayi ne kawai, kuma a ƙarshe za ka soke shi.

4. Karanta littafin farko, a hankali

Babi 11 ne. Karanta sau ɗaya don labari, sannan ka dawo don Motoko kaɗai. Shirow yana cika gefen shafi da ƙananan bayanai a kan makamai da siyasa da kimiyya. A karatun farko ka wuce su, in ba haka ba za ka gaji tun kafin babi na uku.

Abin da za ka sa wa ido shi ne fuskarta. Shirow yana zana ta da kyau a akwati ɗaya, a na gaba kuma ya murguɗe fuskar ta koma ta wasan yara, baki a buɗe, ido a zare, tana masifa a kan kasafin kuɗi ko tana yi wa Aramaki laƙabin tsohon biri. Tana shan giya da abokan aiki, tana da ƙawaye, tana da saurayi a Sashe na 1. Akwai inda ta kutsa cikin ƙwaƙwalwar wani minista ta sa ya naushi kansa da hannunsa. Ga kuma Fuchikoma, ƙananan tankokin nan masu surutu, da take fama da su kamar ƙannen da ba sa jin magana. Duk ka rubuta da baƙin biro.

Hattara: murguɗe fuska salon zanen manga ne na wancan zamani, ba Motoko kaɗai ake yi wa ba. Duba ko abokan aikinta Batou da Togusa su ma ana yi musu. Idan kowa ana yi masa, to rabin abin salon littafin ne, rabi ne kawai halinta. Abin da yake nata shi ne kalaman da ke fita daga bakinta da shawarar da take yankewa.

5. Kalli fim ɗin 1995 sau biyu

Na farko ka zauna ka kalla kawai, babu biro. Na biyu ka riƙa tsayarwa. Nan ne aikin ya fi daɗi, kuma nan na fi so ka daɗe.

Ka dubi idonta. Hiroyuki Okiura, wanda ya tsara kamanninta a fim ɗin, ya ba ta jiki mai nauyi da fuskar babbar mace, kuma da wuya ka ga ta ƙifta ido. Ka tsaya a wurin da ta farka a ɗakinta bayan sunayen masu aiki sun wuce: tana kwance, ta ɗaga yatsunta tana kallonsu kamar tana tabbatar da nata ne, taga babba a bayanta, gari yana haske, ita kuma duhu ce kawai a tsaye. Babu kalma ko ɗaya. Shirow da zai ba ta magana a nan. Oshii ya bar ta da shiru, kuma shirun ne halin.

Ka tsaya kuma a kan jirgin ruwa, bayan ta fito daga nutso. Jikinta yana da nauyin da idan na'urar da ke ɗago ta ta lalace, nutsewa za ta yi har ƙasa, amma tana zuwa nutson a lokacin hutunta. Batou ya tambaye ta dalili, ta yi masa dogon bayani a kan abubuwan da suka haɗu suka zama ita, da yadda take jin an tsare ta a cikinsu. Rubuta minti. Sannan ka rubuta abin da babu: babu Fuchikoma, babu ƙawaye, babu saurayi, babu rigimar kasafi. Abin da darakta ya cire yana da nauyi daidai da abin da ya ƙara, kuma sai wanda ya karanta littafin da farko ne zai gan shi. Wannan ne dalilin da ya sa mataki na 4 ya riga wannan.

Hattara: kada ka rubuta "ba ta da tausayi" don kawai fuskarta ba ta motsi. A cikin mota ta gaya wa Togusa dalilin da ya sa ta ɗauko shi daga 'yan sanda: mutum ne mai gaskiya, mai iyali, kusan duk jikinsa na ɗan Adam ne, kuma tawagar da kowa ya zama iri ɗaya tana da rauni. Mai faɗin haka ta san mutane, ta kuma damu da su.

6. Ɗora wurare masu kama a kan juna

Wannan shi ne zuciyar aikin. Hali ba ya fitowa sai an sa mutum biyu a yanayi ɗaya an ga abin da kowa ya yi. Nemo wuraren da littafin da fim ɗin suka yi tarayya, ka buɗe su gefe da gefe.

Ɗauki shakkar da take yi a kan kanta. A babi na 5 na littafin, bayan ta ga yadda ake ƙera jikin inji, ta zauna da ƙawarta a wurin shan shayi, ta ce wani lokaci takan yi tunanin ko ta riga ta mutu, abin da take kira "ni" ƙirƙirarre ne kawai. Cikin hira ta faɗa, hirar ta wuce, rayuwa ta ci gaba. A fim ɗin, kusan wannan tunanin ta faɗa wa Batou a cikin lif, bayan an kawo gangar jikin da Puppet Master ya shiga, kuma daga nan ba ta sake dawowa daidai ba. Tunani ɗaya ne. A wajen Shirow abin taɓa hira ne, a wajen Oshii ciwon da ke tuƙa labarin gaba ɗaya. Ka ga ba za ka ce Oshii ya ƙirƙiro mata shakka ba. Ya ɗauko ƙaramin abu ne daga gefe ya kawo shi tsakiya.

Yi haka da ƙarshen labarin. A duka biyun ta haɗe da Puppet Master, Batou kuma ya samo mata sabon jiki. A littafin jikin na namiji ne, kuma abin ya zo da raha. A fim ɗin jikin yarinya ƙarama ce, zaune a kujera cikin baƙaƙen kaya, abin da ke nuna sabuwar haihuwa. Yi haka da tsallen da ta yi daga saman bene a farkon labari, da batun mai kwasar shara da aka dasa wa tunanin ƙarya. Wurare huɗu ko biyar sun isa.

7. Shiga shiri mai dogon zango da dabara

Stand Alone Complex yana nuna a farkon kowane kashi ko labarin mai zaman kansa ne ko yana cikin babban labarin Laughing Man, mai kutsen da suke bin sawunsa a zango na farko. Mutane da yawa suna tsallake masu zaman kansu don su yi sauri. Ga mai bin sawun hali wannan asara ce, domin a nan ake ganin ta a ranakun aiki na yau da kullum.

Motoko ta Kamiyama shugaba ce kafin komai. Tana ba da umarni a taƙaice, tana girmama Aramaki, tana tsare mutanenta. Raha ta dawo, amma busasshiya: da Batou ya ba ta shawarar ta koma jikin namiji don ƙarin ƙarfi, sai ta sa ya naushi kansa. Ka koma shafinka na mataki na 4, za ka ga daga ina aka ɗauko wannan, ka kuma ga an sauke shi daga kan minista zuwa kan aboki. Bi kuma yadda take da Tachikoma, magadan Fuchikoma. Da ta ga sun fara samun tunanin kansu, ta yanke hukuncin a janye su daga aiki saboda makami mai son sanin ma'anar mutuwa haɗari ne a fagen fama. Da suka sadaukar da kansu don ceton Batou a ƙarshen zango, ta gane abin da ta yi sakaci da shi. Wannan Motoko ce mai yin kuskuren shugabanci ta kuma ɗauki nauyinsa, abin da fim mai minti tamanin da 'yan kai ba shi da filin nunawa.

Hattara: kayan da aka sa mata a zango na farko sun jawo surutu mai yawa saboda bayyana jiki, a zango na biyu kuma aka ƙara rufe ta. Ka ba sutura layinta daban a jadawali. Tana gaya maka wa masu shirin suke son jawowa, ba lallai ta gaya maka wace ce jarumar ba.

8. Duba asalin da aka ba ta

Shirow da Oshii ba su tsaya bayyana yadda ta rasa jikinta ba. 2nd GIG ya ba ta yarinta: haɗarin jirgin sama, asibiti, da yaron da ke naɗe takarda yana yin tsuntsaye da hannu ɗaya, wanda labarin ya danganta da Kuze, mutumin da Sashe na 9 ke bibiya a wannan zangon. Arise ya ba ta wata matsalar: matashiya ce cikin jar riga, ta fito daga runduna ta 501, jikinta mallakar soja ne, tana neman 'yancin kanta da tawagar da za ta zama tata. Tana saurin fushi, ana iya yaudararta, har tunaninta aka taɓa gurɓatawa.

Tambayar da za ka rubuta a nan ita ce: me asalin ya ƙara, me ya rage? A ganina, duk lokacin da aka bayyana dalilin ciwonta, ana samun kusanci da ita, amma ana rage girman tambayar da take ɗauke da ita a 1995, wadda ba ta buƙatar haɗari kafin ta tashi. Kana iya saɓa mini, in dai akwai baƙin biro a bayan jan naka.

9. Saurari murya, ka binciki fassara

Atsuko Tanaka ce ta yi muryarta ta Japananci a fim ɗin 1995 da Innocence da duk gidan Kamiyama, har rasuwarta a 2024. Murya ɗaya a gidaje biyu tana sa kunne ya ɗauka mutum ɗaya ce, don haka ka kula. A Arise Maaya Sakamoto ce, wadda ita ce ta yi muryar yarinyar nan ta ƙarshen fim ɗin 1995.

Duk wanda ya saba kallon fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa ya san mai fassara yana iya mayar da jarumi mai nutsuwa ɗan barkwanci. Haka yake a nan. A farkon fim ɗin 1995 Batou ya ce yana jin ƙara a ƙwaƙwalwarta. A Japananci ta amsa da cewa lokacin al'adarta ne, magana mai nauyi daga macen da jikinta inji ne. A muryar Turanci aka mayar da amsar batun wayar lantarki da ta kwance. Layi ɗaya, an share raha da ɗacin da ke ciki. Saboda haka ka kalla da muryar Japananci da rubutun fassara a ƙasa, kuma duk layin da za ka kafa hujja da shi, ka duba shi a fassara ta biyu.

10. Nemi dalili, sannan ka rubuta hukunci

Ga kowane bambanci da ya rage a jadawalinka, ka tambaya ko tsawon aikin ne ya jawo shi, ko ra'ayin darakta, ko masu kallon da ake nufi. Fim gajere dole ya zaɓi abu ɗaya. Shirin talabijin mai kashi 26 yana buƙatar shugabar da za ta dawo ofis kowane mako, shi ya sa ba za ta iya narkewa cikin intanet a kashi na uku ba. SAC_2045 kuma zanen kwamfuta ne gaba ɗaya, da sabon kamanni daga Ilya Kuvshinov wanda ya sa ta yi ƙuruciya a fuska, alhali shawarwarinta na tsohuwar Manjo ne. Idan ka bi fuska a nan za ka ce ta canza sosai, idan ka bi aiki za ka ga kaɗan ne.

Yanzu soke duk jan rubutun da ba shi da shafi ko minti a gefensa. Daga abin da ya tsira, fitar da jeri biyu: abin da bai taɓa canzawa ba a gidajen huɗu, da abin da kowane gida ya ƙara ko ya cire. Jerin farko zai yi gajarta, wataƙila ƙwarewa a aiki, dogaro da abin da zuciyarta ta raya mata, da rashin son a mallake ta. Kowane hukunci ka rubuta shi a jimla ɗaya mai ɗauke da wurare biyu, misali: a babi na 5 ta faɗi shakkarta a wurin shan shayi ta wuce, a lif ɗin fim ɗin 1995 ta faɗe ta kuma ta bi ta har ƙarshe.

Hattara: kada ka rufe da cewa ta littafin ce ta gaskiya don ita ta fara zuwa, ko ta fim don ita ta fi suna. Wannan zaɓin so ne, kana da damar yinsa, amma ka ba shi shafinsa daban. Ka kuma bar layi na biyar a buɗe a jadawalin, domin kamfanin Science SARU ya sanar da sabon shiri na 2026, kuma tambayoyin nan na mataki na 3 za ka sake yi masa.